Wa Zai Riƙa Hannun Yaranmu Masu Binciken Kansar Mahaifa a Azare?

Jama'a, tun daga 2021 da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare, asibitin da muka saba kira FMC kuma ya koma asibitin koyarwa, yawancin hirarmu a majalisa ba ta wuce wa ya samu aiki, ɗan wa ya samu gurbin karatu, da yadda filaye suka yi tsada ba. Duk maganganu ne na gaskiya, ba ma raina ko ɗaya. Sai dai akwai abin da muka jima muna jira mu ji an ɗauko, ba a ɗauko ba, shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗauko shi da kanmu.

Aikin jami'a bai tsaya ga yaye likitoci da ba su takardar shaida ba. Ana sa ran ta riƙa gano abin da ba a sani ba game da cututtukan mutanen da take zaune a cikinsu. Gini ba ya wannan aikin, na'ura ma ba ta yi. Mutum ne yake yi, kuma mutumin nan yanzu haka yaro ne ko yarinya da ba su daɗe da gama hidimar ƙasa ba, suna kwana a ɗakin haihuwa, suna karɓar mara lafiya bayan mara lafiya, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga yadda ake mayar da abin da kake gani kullum ya zama bincike. A kansu muke magana, kuma mun zaɓi kansar bakin mahaifa ne ta zama misali saboda babu zuri'ar da za ta bugi ƙirji a ƙasar Katagum ta ce ba ta san wannan ciwo ba, ko da kuwa da wani suna ta san shi.

Da sunan sanyi muka fi saninsa. Mace za ta fara ganin jini bayan kwanciyar aure, ko jini ya dawo mata shekaru bayan ta daina al'ada, ko wani ruwa mai wari ya riƙa fita. Kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, sai a ce sanyi ne, a jiƙa mata saiwa, a sayo mata kafso a kemis. In abin ya ƙi, sai a fara zargin kishiya. Kafin a ɗauko ta daga Madara ko Chinade ko Udubo a kawo ta Azare, ta rame, jini ya ƙare a jikinta, ƙafa ta kumbura, wani lokaci fitsari ma ba ya tsayawa. Daga nan sai takardar turawa zuwa inda ake gashin kansa da na'ura, Zariya ko Abuja ko Sakkwato, a sayar da akuya, a jinginar da gona, a je a tarar da layi. Mun raka irin waɗannan mata tasha, mun kuma zauna zaman makokinsu.

Abin takaicin shi ne wannan ciwo yana daga cikin 'yan ƙalilan na kansa da aka san musabbabinsu, aka kuma san yadda ake tare su. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano cewa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo shi, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu na ƙwayar, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Kuma ba dare ɗaya yake zama kansa ba, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a jikin mace mai lafiya, yana canza fatar bakin mahaifa a hankali, lokacin da za a iya ganinsa a ƙone shi cikin 'yan mintoci. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Wato a duk mata uku da suka kamu, ana binne biyu.

To ina ruwan bincike a nan, tunda an san ciwon an san maganin? Ruwansa shi ne duk wani abu da likita yake yi wa mace a yau, wani ne ya gwada shi a wani wuri ya tabbatar. Gwajin magani a asibiti ba wani sirri ba ne. Ana samun marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya da suka yarda da bakinsu, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a don kada son rai ya shiga, a ba kashi ɗaya maganin da aka saba, a ba ɗaya kashin sabuwar hanyar da ake zaton ta fi, sannan a bi su watanni ko shekaru a ƙirga wa ya warke, wa ciwon ya dawo wa, wa maganin ya wahalar. Ta haka ne a 1999 sakamakon gwaje-gwaje biyar ya sa Cibiyar Kansa ta Amurka ta sanar da likitoci cewa haɗa gashi da wani magani mai suna cisplatin yana rage mutuwa sosai, har yau kuma haka ake yi a duniya.

Rigakafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya ranar 24 ga Oktoba 2023, wanda jihar Bauchi ke cikin rukunin farko, allura ɗaya tak ake yi. Da can biyu ko uku ake yi. Abin da ya taimaka aka dawo ɗaya har da wani gwaji da aka yi a Kenya mai suna KEN SHE, a kan 'yan mata sama da 2,000, wanda ya nuna allura ɗaya tana ba da kariya kusan kashi 98 cikin 100 daga nau'o'in nan biyu, da wani kuma a Mwanza ta Tanzaniya. Likitocin Afirka suna cikin waɗanda suka jagoranci aikin, irin su Nelly Mugo ta cibiyar binciken lafiya ta Kenya. Ku duba abin da wannan ke nufi ga ma'aikacin lafiya a Gamawa ko Zaki: ba sai ya koma neman yarinyar da aka yi wa aure ta bar garin don allura ta biyu ba. A Mumbai ta Indiya kuwa, wani bincike a kan mata kusan 150,000 ya nuna cewa ƙananan ma'aikatan lafiya da aka horar, in suka shafa ruwan binega a bakin mahaifa suka duba da ido da fitila, mutuwa daga wannan ciwo tana raguwa da kashi 31 cikin 100. Ruwan binega da fitila, jama'a.

Akwai kuma na baya-bayan nan, mai suna INTERLACE, wanda Dokta Mary McCormack ta jagoranta daga Landan, aka buga sakamakonsa a 2024. An gano cewa in aka ba mace wasu magunguna biyu na kimo, tsofaffi masu araha, na tsawon mako shida kafin a fara gashi, haɗarin mutuwa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. Mata 500 aka yi gwajin da su, a Ingila da Meksiko da Indiya da Italiya da Burazil. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Nan ne gizo ke saƙar. A wannan gwaji, da an gama kimo cikin 'yan kwanaki ake shiga gashi. Matar da ta fito daga Yana, wadda za ta gama kimo ta koma gida neman kuɗin mota, ta jira injin da ya lalace a gyara, wadda dama jininta ya yi ƙasa tun kafin a fara, shin wannan hanya taimakonta za ta yi ko ƙara mata wahala? Mutumin Landan ba zai amsa mana wannan ba, don ba matsalarsa ba ce. Sai ɗanmu da ke nan.

Kada wani ya ce irin wannan aiki ya fi ƙarfin Arewa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na gwajin E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna raguwar mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100, ta hanyar wata leda mai awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa da kuma ba da magunguna a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Ba kansa ba ce, amma fannin mata ne, kuma daga Kano ne, tafiyar 'yan awoyi daga nan. A Azare ma shugaban jami'armu na farko, Farfesa Bala Audu, masanin haihuwa da cututtukan mata ne, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate kuma maƙwabcinmu ne ɗan Misau. In ba a dasa wannan iri a wannan lokaci ba, yaushe za a dasa?

Mu mutanen kasuwa ne, mun san yadda ake yin ɗan kasuwa. Ba a ɗaukar yaro a ba shi littafi a ce ya karanta ya buɗe shago. Ubangida ne zai ajiye shi a gefensa shekaru, ya aike shi Kano saro kaya, ya bar shi ya yi asara ƙarama don ya koyi gudun babba, ya gabatar da shi ga dillalai ya ce wannan yarona ne, ku ba shi bashi a wuyana. Ranar da ya ga ya isa, sai ya sallame shi da jari. Haka malamin zaure yake yi da ɗalibinsa, littafi bayan littafi, har ya ba shi izinin ya karantar. Bincike ma sana'a ce irin wannan, da hannu ake miƙa ta. Abin mamaki, mun yarda da haka a kan mai sayar da atamfa da makaniki, amma muna zaton likita shi kaɗai zai tashi ya zama mai bincike don kawai ya ci jarrabawa.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Duk likitan da ke neman ƙwarewa a fannin mata, dole ya rubuta kundin bincike kafin kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma ta ba shi shaida. Ke nan kowane ɗayansu ya taɓa ɗanɗana bincike. Amma da yawa sukan yi shi ne kamar mai shan magani mai ɗaci: a zaɓi abin da zai fi saurin ƙarewa, a kwaso tsofaffin fayil-fayil na shekara biyar, a ƙirga mata nawa suka zo da ciwon ya yi nisa, a rubuta cewa ana buƙatar wayar da kai, a ɗaure kundin da baƙin bango a ajiye a kanta ƙura ta rufe. An rubuta irin wannan sau ba adadi a asibitocin ƙasar nan, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. Mun riga mun san mata suna zuwa a makare. Abin da muke so a gwada shi ne me zai sa su zo da wuri.

Aikin mai riƙon hannu na farko ke nan, ya taimaki yaro ya gyara tambayarsa. Yaro zai zo da buri kamar dutse, yana so ya gano maganin kansa. Babba zai ce masa zauna, ga tambayar da za ka iya amsawa cikin shekara biyu da kuɗi kaɗan. Misali, matan da ke jin nauyin namiji ya duba su, in aka ba su ɗan tsinken auduga su ɗebo da kansu a ɗakinsu a kai gwajin HPV, sun fi yarda ko kuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya, amma yadda za ta karɓu a gidan kulle a Katagum sai an gwada. Ko kuma, cikin matan da aka duba aka ga alama, nawa ne suke dawowa a yi musu magani, kuma me ya fi dawo da su: kiran waya, ko aika ungozomar unguwa, ko zama da maigida? A raba ƙauyuka gida biyu da ƙuri'a, a gwada, a ƙirga. Wannan gwaji ne cikakke, kuma ba ya buƙatar injin biliyan.

Sai kuma lokaci. Wannan shi ne abin da ba a faɗa. Likitan da ya kwana yana tiyatar ciro jarirai, ya wayi gari da layin mata a ƙofar ofis, ba zai iya zama ya rubuta komai ba, balle ga shi abokan karatunsa rabi sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar masa aikin mutum uku. A wuraren da bincike ya kafu, akan ware wa matashi rana ɗaya ko biyu a mako da ba a taɓa shi. Babba mai faɗa a ji ne kaɗai zai iya tsaya masa a kan wannan. Shi ne kuma zai karanta takardar neman tallafi sau biyar da jan biro kafin a aika wa TETFund ko cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, ya haɗa shi da masanin ƙididdiga tun kafin a fara tattara bayanai, ya gaya masa cewa mujalla ta ƙi karɓar rubutu ba ƙarshen duniya ba ne, ya kuma hana shi kai kuɗinsa ga mujallun bogi da ke buga komai in an biya.

Za mu faɗi wata magana da wataƙila ba za ta yi wa wasu manya daɗi ba. Akwai bambanci tsakanin riƙon hannu da hawa wuya. Mun ga inda yaro ya yi wahalar shekara biyu, ya bi ƙauyuka a kan babur, takarda ta fito sunansa na biyar, sunan wanda bai taɓa karanta ta ba yana na farko. Mun ga inda gayyatar taro a ƙasar waje ta zo a kan aikin yaro, babba ya ɗauki jaka ya tafi. Yaron da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake ba, kuma in ya girma shi ma haka zai yi wa na ƙasa da shi. Ubangidan da yaransa suka tsufa a shagonsa ba a sallame su ba, kasuwa ta san sunan da take kiransa da shi.

Mata kuwa nasu nauyin ya ninka. Ciwon na mata ne, kuma mace ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ba za ta faɗa wa namiji ba, saboda haka likita mace da nas da ungozoma su ne suka fi dacewa da wannan bincike. Amma shekarun da ake gina mai bincike su ne shekarun aure da goyo. Yarinyar da aka gayyata horo na mako biyu a Badun, wa zai riƙe mata yara, kuma wa zai yi wa mijinta da surukarta bayani? Wannan ba aikin farfesa ba ne, aikinmu ne na dangi.

Ba za mu rufe ido a kan abin da ke zuciyar mutane ba in aka ambaci gwajin magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau in aka zo da allurar 'yan mata sai ka ji ana raɗe-raɗin hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, kada wani ɗan boko ya kira shi jahilci. Tun daga 2007 akwai ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, babu gwajin da ya halatta sai kwamitin ɗa'a ya tantance, na magani kuma sai NAFDAC ta amince, kuma duk wanda ya shiga yana da ikon fita ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Amma takarda ba ta tsare kanta. Abin da ya fi tsare mace shi ne mai binciken ya kasance wanda aka san gidansu, wanda zai haɗu da mijinta a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, wanda kuma aka koya masa tun yana ƙarami cewa takardar yarda ba dangwala yatsa ba ce, bayani ne da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci har sai matar ta iya maimaita shi da bakinta. Wannan ma daga babba ake koyonsa, ta hanyar ganin yadda yake zama da mara lafiya.

A duniya an gane haka. Ƙungiyar likitocin kansar mata ta duniya, IGCS, ta fara wani shiri a 2017 inda ake horar da likita a asibitin ƙasarsa, a haɗa shi da malami na gida da wani na waje, suna duba marasa lafiya tare ta bidiyo duk wata, maimakon a ɗauke shi a kai Turai ya ƙi dawowa. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a Nuwamba 2020 kuwa shi ne kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Ba za a san inda ƙasar Katagum ta tsaya a wannan ma'auni ba sai akwai masu ƙirgawa. Badun tana da rajistar masu kansa tun 1960, shi ya sa in ana maganar alƙaluman Najeriya sunanta ke fitowa. Fara irin wannan rajista a nan, da littafi da kwamfuta ɗaya da mutum ɗaya mai haƙuri, aiki ne da matashi zai iya ginuwa a kansa tsawon rayuwarsa.

To mu da ba likitoci ba fa? Muna tara kuɗi duk shekara don gyaran maƙabarta da biyan kuɗin jarrabawar marayu, kuma yana da kyau. Muna ba da shawarar a ƙara layi ɗaya: ɗan tallafi na shekara-shekara ga matashi ɗaya, likita ko nas ko ma'aikacin ɗakin gwaji, da zai yi ƙaramin bincike a kan kansar mata a wannan yanki. Kuɗin man babur, da katin waya na kiran marasa lafiya, da ladan mai tattara bayanai, da fassara takardar yarda. Manyan masu ba da tallafi ba sa ba wanda bai taɓa yin komai ba, sai ya nuna ɗan sakamakon farko, kuma a daidai nan yawancin yaranmu ke maƙalewa. Sharaɗin da za mu sa shi ne sunan yaron ya zo farko a takarda, kwamitin ɗa'a ya amince kafin a saki ko sisi, sannan in an gama ya zo gaban jama'a ya faɗi abin da ya gano da Hausa, ko da sakamakon bai zo yadda ake fata ba.

'Ya'yan Katagum da ke koyarwa a jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri, da waɗanda ke Ingila da Amurka da Malesiya, ba kuɗinku muke nema a wannan karon ba. Awa ɗaya a wata muke roƙo, a waya, da yaro ɗaya, na tsawon shekara biyu. Ba sai kai likita ne ba. In ƙididdiga ka karanta, ko ilimin zamantakewa, ko ka iya rubuta takardar neman tallafi, akwai mai buƙatarka. Iyayenmu hakimai da dagatai da malamai kuma, ranar da yarinya ta zo da takarda daga asibitin koyarwa tana neman izinin shiga gidaje, a ba ta tabarma, a yi mata duk tambayar da ake so, wa ya ba da kuɗin, ina za a kai abin da aka ɗiba, wa zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru. In ta amsa, a haɗa ta da wata dattijuwa da matan unguwa ke jin maganarta, su shiga tare.